Man Shanun Gwaggo

Shekara biyu na yi ina fama da amosanin kai, kuma ba na jin akwai biro ɗaya a makarantarmu ta Tudun Wada da ban tura ƙarƙashin hijabi na sosa kai da shi ba. Ina tsaka da koyar da lissafi ƙaiƙayin zai taso daga ƙeya, sai in juya wajen allo kamar mai tunani, in sosa son raina. Ɗalibaina sun gane, amma suna da ladabi, sai dai in ji dariya ƙasa-ƙasa. A gida kuwa babu mai raga mini. Maigidana a kamfanin siminti na Kalambaina yake aiki, kuma ranar da ya ga farin gari a kan baƙin ɗankwalina sai ya ce, "Ikon Allah! Ni ka aiki Kalambaina, ke ka dawowa da siminti ga kai." Kwana biyu ban yi masa dariya ba, ko da yake maganar ta ba ni dariya.

Babu abin da ban gwada ba. Na shafa man kaɗanya, na wanke da sabulun salo, na daka ganyen dogon yaro na cusa har na kwana ina ɗaci. Amma babban maganin da na dogara da shi shi ne man shanun Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tana zaune a tsohon gidanmu na Ƙofar Dundaye. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ina shekara huɗu ita ke yi mini kitso. Ko da na yi aure ban fasa ba: duk Asabar ta biyu nakan hau keke napep in je in zauna tsakanin ƙafafunta. A gefenta akwai wani ɗan kwano mai murfi cike da man shanu. Duk tsagar da ta yi sai ta lakato ta goga. Da amosanin ya tsananta na yi mata ƙorafi, ta ce, "Bushewa ta, ɗiyata. Kai na son mai." Ta ƙara yawan man. Ni ma a 'yan shekarun nan na lura hannunta ya ƙara nauyi a kwanon, har man ke gangaro mini a wuya, amma na ɗauka tsabar kulawa ce.

Wadda ta warware mini matsalar maƙwabciyata ce, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da duk layinmu ke kira Sista. Wata Lahadi ta dawo daga coci ta same ni a ƙofar gida ina susa da mabuɗi. Ta ja ni ciki, ta buɗe kan, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Malama, wannan ba bushewa ba ce," in ji ta. "Irin wannan amosanin mai yake so. Kina ciyar da shi ne kawai."

Ta rubuta mini sunan wani shamfu na magani in saya a kemis. Ta ce in wanke kai sau biyu a mako, in bar kumfar minti biyar kafin in ɗauraye, in daina barin kitso ya daɗe, in kuma daina man shanu gaba ɗaya. Idan bai yi sauƙi ba cikin wata guda, in je asibiti a duba.

Wankin bai dame ni ba. Nakan tsaya a banɗaki da kumfa a kai ina ƙirga minti biyar kamar mai jiran ƙwai ya dahu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda zan kalli Gwaggo in ce mata man da take shafa mini shekara talatin shi ke cutar da ni. Na kasa. Don haka na yi abin da matsorata ke yi: na fara ƙarya. Asabar ta farko na ce taron malamai gare mu. Ta biyu na ce baƙi. Na koma wani shagon gyaran gashi a Tudun Wada, inda wata yarinya mai saurin hannu ke gama mini shuku tana kallon waya.

Kuma maganin ya yi aiki, abin haushi. Cikin mako uku ƙaiƙayin ya kwanta, farin garin ya ragu, birona ya koma aikin rubutu. Maigida ya ce an rufe reshen kamfani na gida. Ni kuwa duk Asabar sai in ji babu daɗi.

Asirina ya tonu a wajen sunan ɗan ƙanena. Na durƙusa gaida Gwaggo, ta ɗora hannu a kaina don sa albarka kamar yadda ta saba. Hannun ya tsaya. Na ji yatsunta suna bin layin kitson ta saman ɗankwali, ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga ba hannuna ba na," ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. Ta janye hannunta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar na zuwa na tsefe kaina na tafi Ƙofar Dundaye. Na zauna a tabarma na faɗa mata komai, har da ƙaryar taron malamai. Ta saurara, ta ce, "To, mi ah hana ki hwaɗi tun hwarko? Kanki na. Zamna a yi miki babu man." Ta tura kwanon gefe da ƙafa.

Kitson da take gamawa kafin azahar ranar har la'asar ba mu kai rabi ba. Tana yi tana tsayawa. Gashin na kuɓuce mata, ta sake kamawa. Can na ji ta ja numfashi, na juyo. Rabon da in kalli hannuwan Gwaggo da kyau na manta, domin kullum a bayana suke. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, biyu sun karkace, fatar duk ta tsage.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"An daɗe," ta ce, tana murmushi kamar wadda aka kama da laifi. "Sanyin ƙashi na. In na sa man, su kan ɗan saki, gashin ya bi hannu. Tsoro nika ji ki gane na kasa, ki tahi wurin wata."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na jawo kwanon, na buɗe, na kama hannunta na dama na shafa man, ina murza yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka yi ɗumi. Na yi wa na hagu. Sannan na goge su da tsumma, na juya na zauna.

Haka muke yi har yau. Nakan je da wuri, mu fara da hannunta kafin mu zo kan kaina. Kitson manya-manya ne yanzu, guda shida, wani lokaci a karkace. Sista ta taɓa tambayata wa ya yi mini wannan aikin, na ce mata uwata ce.