Tsui Mai Janwe da Motarsa ta Ƙarshe

Kullum da sassafe Tsui Man-kuen kan ajiye janwensa a bakin ramin motoci na ƙarƙashin teku, ya kwance burodinsa, kafin ya kai baki an kira shi. Kusan shekara arba'in ke nan. Direbobin tasi sun shaida ranar da wata mata ta sandare a kan sitiyari don ta tuna teku na bisa kanta. Tsui ya tsaya yana mata hirar dafa kifi har ta saki hannu.

Mutum ɗaya a Hong Kong wannan yabo ke ƙona wa rai: Mok Bing, amininsa tun yarinta, ma'aikacin jirgin fiton motoci. Da aka buɗe ramin, motoci suka guje wa jirginsu har ya tsaya, Mok ya rantse ba zai taɓa bi ta ƙarƙashin ruwa ba. Kishi yake, ba ya ma ɓoyewa. Ramin ya cinye masa sana'a, ya ɗauke masa abokin shayi, ga shi kuma Tsui ake ta kambamawa.

Ranar walimar ritayar Tsui hazo ya rufe teku, aka tsayar da jiragen fasinja. Walima na tsallake, Mok na bakin ruwa da gogaggiyar riga. Sai ga janwe, Tsui ya baro baƙinsa.

"Hau, tsohon banza."

"Na rantse ba zan bi ba."

"Wa ya ce ka bi? Jan ka zan yi. Matacciyar mota ba a neman shawararta."

Mok ya hau, ya runtse ido. A tsakiyar ramin sai ƙarar ham ɗin motoci ta ko'ina.

"Ruwa ne ya shigo?"

"Sallama suke mini."

Ya buɗe ido ya ga direbobi na ɗaga hannu. "Mu ranar da jirginmu ya tsaya, ko kare bai yi haushi ba," ya ce.

Tsui ya danne ham bai saki ba har suka ga haske. "Ga taka sallamar. Ta makara, yi haƙuri."

Kai ne Tsui, mai fitar da wanda ya maƙale, ko da abokinka ne. Mun gode. Masu tasowa, in ana tafa muku, ku waiwaya ku ga wa aka bari a bakin ruwa.