Tseren Zauro da Na Hana Sahabi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Sahabi makwancinsa. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in yarda, don har yanzu idan na bi ta layin garejinsa a unguwar Nasarawa a kan babur nakan rage gudu, kamar zai leƙo daga ƙarƙashin rumfa ya ce salansata ta ishi unguwa. Sahabi bakaniken babura ne a nan Birnin Kebbi, kuma taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce. Wanda ya san taubasantaka ya san ba a gaisawa sai da tsiya. Shi yana kirana Haliru Mai Tsatsa, saboda kayan gyaran babur nake sayarwa a kasuwa. Ni kuma ina kiransa Injiniyan Bola, saboda ba ya iya wuce tsohon ƙarfe a hanya bai duƙa ya ɗauka ba.

Ba yabon mamaci na zauna rubutawa ba, ko da yake yana da abin yabo. Akwai haƙƙinsa a wuyana. Shekara biyu kafin rasuwarsa an yi tseren babura a fadamar Zauro, ya riga kowa isowa, ni ne alƙali, na ɗauki nasarar na ba wani. Har ya koma ga Allah ban gyara ba.

Bari in yi wa waɗanda ba su riski abin ba bayani. A wancan lokaci, idan an yanke shinkafa ruwa ya janye daga fadama, akan samu 'yan makonni kafin masu noman rani su mamaye ko'ina. A cikin wannan tsakani ne samari daga Birnin Kebbi da Argungu da Gulma kan haɗu su yi tsere. Babu gwamnati a ciki, babu kamfani. Baburan hawa ne na yau da kullum, a cire duk abin da ke da nauyi, a sa tayoyi masu manyan haƙora, a huda salansa don ta yi ruri. Ana tashi daga gindin wata kanya, a bi gaɓar kogi, a tsallake kunyoyin gonaki, a faɗa wani mashigi mai baƙar laka can ƙarshen hanya, sannan a zagayo a dawo inda aka faro. Zagayen yana da tsawo, mutum zai iya cin abinci ya wanke hannu kafin na farko ya dawo.

Mu alƙalai muna da tsarinmu, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibinsa. Da mun sallami mahaya sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar kanyar, mu fuskanci kogi inda iska ke tasowa, mu ba hanya baya. Ba ma kallon hanya, saurare muke yi. Babur mai hudaddiyar salansa tun daga nesa yake sanar da zuwansa, to sai mun ji rurin ne mutum biyu za su tashi su ja igiya a tsakiyar hanya, wanda ya fara taɓa ta shi ya ci. Ni kuwa har taƙama nake da kunnena. Ina zaune zan ce wane ne a gaba, wane na biye da shi, kuma da wuya in kuskure. Wannan kunnen ne ya ba ni alƙalanci.

Sahabi ya fara shiga harkar batir ne ta dalilin haɗa wa manoma sola ta ban ruwa. Daga nan ya riƙa ganin bidiyo a waya na baburan tseren ƙasa da laka masu aiki da lantarki. Ya ce mini ba manyan kamfanonin da kowane ɗan kabu-kabu ya haddace sunayensu ne ke yin su ba. Wasu ƙananan kamfanoni ne sababbin tasowa a ƙasashen waje, samari 'yan kaɗan a cikin rumfa kamar tasa, manyan kuwa suna gefe sun naɗe hannu suna kallo. Abin ya shiga ransa sosai. Ya yi odar inji da akwatin da ke sarrafa wutarsa daga wajen ɗaya daga cikinsu, ya jira watanni, suka iso. Ya ɗora su a kan gangar jikin wani tsohon babur, ya yi wa batura gida da walda a wurin tankin mai. Ba giya, ba kuloci, ba filogi, sai dai a murɗa hannu ya zabura.

Na yi masa tsiya iyakar iyawata. Na ce babban kamfani ya yi shekaru yana ƙera babur, duk kasuwar da ka shiga za ka sami kayansa, amma waɗannan yaran yau suna nan, gobe ka neme su ka rasa. Yana ɗaure wata waya bai ko ɗago kai ba ya ce, “Mai Tsatsa, manyan ga naka ba su motsawa sai sun ga yaro ya wuce su. Kai ma haka kake.” Muka yi dariya. Abin da ban faɗa masa ba shi ne tsoro nake ji. Babur ɗin da ba ya cin filogi, ba ya cin fistin, ba ya shan baƙin mai, me zan sayar wa mai shi? Duk abin da ke rataye a shagona na injin fetur ne.

Ranar tseren, da aka jera babura kowa na murɗa nasa ƙasa na rawa, na Sahabi yana tsaye shiru a tsakiyarsu. Wani ya tambaye shi ko da ƙafa zai tura shi. Na ɗaga hannu na sauke, suka tashi, ƙura ta rufe su. Muka koma tabarma kamar kullum, aka kawo soyayyen kifi, muka shiga gardamar farashin albasa. Kusa da mu wani manomi ya tada injin ban ruwa yana ta bugawa. Can na jiyo ruri daga nesa, na ce Namakka ne, wani manomin shinkafa daga Gulma wanda ya fi kowa iya hawa a lokacin. Aka tashi aka ja igiya, Namakka ya zo ya taɓa ta, wuri ya kaure da tafi.

Ana cikin tafin ne wani ya nuna bayan igiya. Can gaba kaɗan, a inuwar wata bishiya, ga Sahabi zaune a kan babur ɗinsa, hular kwano a gwiwa, yana shan ruwa a gora. Ya wuce ta bayanmu tun ba mu ja igiya ba, 'yar ƙarar sarƙarsa kuma injin ban ruwa ya haɗiye ta. Nan take aka fara cewa batir ne ya mutu masa a hanya ya juyo, wasu suka ce yanke ya yi. Kowa ya juyo yana kallona. Ni kuwa na ga ƙafafunsa. Baƙar lakar mashigi ce har gwiwa, ɗanya shakaf, kuma babu irin wannan laka a ko'ina sai can ƙarshen hanya. Na san ya yi zagayen duka. Amma watanni na yi ina zaga kasuwa ina cewa abin wasan yara ne, ga jama'a tsaye, ga kunnen da nake taƙama da shi ya kunyata ni. Na buɗe baki na ce ba mu gan shi ba, ba mu ji shi ba, don haka Namakka ya ci. Aka miƙa wa Namakka ragon da aka sa a matsayin kyautar wanda ya ci.

Sahabi ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Mai Tsatsa, kunnenka ya tsuhwa.” Ya sa hularsa ya tafi gida. Bai sake tada maganar ba, ko a cikin wasa, shi da ba ya barin kuskurena ya kwana.

Da shekara ta zagayo akwatin sarrafa wutar ya ƙone. Ya nemi kamfanin, ya tarar sun rufe. A nan ni na yi gaskiya, kuma na faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, don tana rufe mini waccan ƙaryar. Babur ɗin ya koma zaure aka lulluɓe shi da buhu. Sahabi ya ci gaba da gyaran baburan mutane, yana shigowa shagona kusan kullum, har damina ta biyu ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

Yau ga abin da ya hango ya iso har ƙofar shagona. Tsadar fetur ta sa baburan lantarki sun fara yawo a titunanmu, ni da kaina yanzu ina sayar da caja da birkinsu. Samari kan tsaya su nuna mini a waya yadda baburan laka na lantarki ke tsalle a filayen tsere na waje, suna gardama. Wasu na cewa ƙananan kamfanoni sun riga sun yi gaba, manyan sai yanzu suke fito da nasu. Wasu na cewa a bar manyan su gama shiri, za su shanye kasuwar, don su ke da dillalai da kayan gyara. Har akwai masu cewa bai kamata a haɗa mai lantarki da mai fetur a tsere ɗaya ba. Nakan saurare su in tambayi kaina me Sahabi zai ce. Ba na jin zai tsaya yin alfahari. Na fi zaton zai karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya tambaya ko batirin zai jure zafin bazararmu, kuma in ya lalace a Argungu wa zai buɗe shi. Bai taɓa zama ɗan bayan wani kamfani ba, ƙarami ko babba. Shi dai a ba shi abu ya kwance ya ga cikinsa. Tseren Zauro ma ya mutu, noman rani ya cinye filin, kanyar kaɗai ta rage.

Da na iya ci gaba da shiruna har in bi shi, ba don 'yarsa Rabi'atu ba. Ta girma, tana karatun lantarki a babbar makaranta, ta jawo babur ɗin daga zaure tana son ta tada shi. Watan jiya ta zo shagona neman sarƙa. Bayan mun gaisa ta ce, “Kawu, mutane na cewa babur ɗin Baba bai taɓa ƙare tsere ba. Kai kay yi alƙalanci. Gaskiya na?” Na ce mata ta dawo jibi, sarƙar ta ƙare. Ga ta kuwa rataye a bayana.

Washegari na hau mota zuwa Gulma. Na ga bai dace in karɓe nasara daga hannun mutum yana raye ba tare da na dubi fuskarsa ba. Na tarar da Namakka a bakin gonarsa ana casar shinkafa, furfura ta fito masa. Muka koma gefe, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa abin da na gani a ƙafafun Sahabi. Na shirya wa ɓacin ransa. Sai ya dube ni ya girgiza kai.

“Malam Haliru, sai yau? Ai ni ƙurar Sahabi nis sha tun daga mashigi. Ban ji zuwanai ba, sai bayanai nig gani.”

Na ce, “To mi yah hana ka magana?”

Ya ce, “Ranar da la'asar nij ja ragon har gidanai. Yac ce in mai da shi. Yac ce in na yi magana ba mai sake yarda da kai ko a kasuwa, kuma iyali gare ka. Yac ce in bar ka, za ka hwaɗa da bakinka ranar da ka shirya.”

Na zauna a kan buhun shinkafa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na yi kuka a gaban masu casa ban damu ba.

Na gaya wa Rabi'atu komai, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ko babur ɗin zai sake tashi, ban sani ba. Ƙarfe ne, yana iya tashi yana iya ƙi, kamfanin da ya yi injinsa ma ba wanda ke tuna sunansa. Abin da ya rage na Sahabi ba a zaure yake ba. Yana hannun 'yarsa da ta gaji kwance abu don ta ga cikinsa, yana wurin Namakka da ya riƙe masa amana shekara tara, yana kuma cikin mutuncin da nake yawo da shi a kasuwa, wanda ashe shi ya bar mini.

Don haka ga hukuncin, tunda ni ne alƙali. A tseren fadamar Zauro na waccan shekara Sahabi bakanike ne ya zo na ɗaya, Namakka na biyu. Allah ya jiƙanka taubashi, ya sa ka huta. Shekara biyu kana raye kana shigowa shagona kusan kullum, ka zauna a kan benci ka daɗe ba ka tashi ba. Ni duk tsammanina filogi ka zo saye.