Ƙullin Kacala

Kafin a tare ruwa a Bakolori, sana'ata sarin tabarmi ce. Ina bin masu yankan kacala a fadamun Bakura, in saya wurin matansu masu saƙa, in kai kasuwar Mafara.

A wannan yawo na san wani ƙaramin zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa. In ya ji motsi ba ya tashi. Sai ya miƙe wuya, baki sama, yana rausaya tare da kacalar. Na shekara uku ina jin kukansa kafin wani dattijo ya kama kafaɗata ya nuna mini shi, taku biyar daga inda nake tsaye.

Masu yankan suna da al'ada. Duk wanda ya tarar da sheƙa sai ya ƙulle kan ciyawar wurin, lauje ba zai taɓa ta ba sai 'ya'yan sun tashi. Ba a gaya wa baƙo ma'anar ƙullin. Ni an gaya mini don an yarda da ni.

Ni kuma na gaya wa taubashina. Lokacin yana kai wa Turawan aikin madatsa kaji da ƙwai. Ya biyo ni fadama wata safiya, ya ga ƙullin.

"Kai bawana, wa ke yi wa ciyawa kitso nan?"

"Bawanka ya fi ka ido," na ce, na buɗa kacalar na nuna masa ƙwai huɗu.

Bayan sati biyu dattijon ya tare ni bakin ruwa. Bai amsa gaisuwata har ƙarshe ba. Ya zaga da ni ƙulli bayan ƙulli, kowace sheƙa wayam, ga sawun takalmi cikin laka. Masu yanka ba sa shiga ruwa da takalmi.

Na sami taubashina a Maradun. Bai musa ba. Wani Bature ne ke tara tsuntsaye a keji, shi ya kwashe ya sayar wa.

"Haba, ɗan'uwa! Fadamar ma bana za ta bushe. Don tsuntsu kaka ɗaure min fuska?"

Fadamar ta bushe, gaskiyarsa. Amma kafin nan mutanen sun daina ƙulli, lauje ya riƙa cin sheƙa da ƙwai. Sun ci gaba da sayar mini da tabarmi, sai dai a bakin hanya ake kawo mini. Ban sake taka cikin kacalarsu ba.