Injin Huɗar Da Bai Taɓa Ganin Gonata Ba

Shekarar da na sayi injin huɗa ta waya, son burga ne ya ja ni, ba wani abu ba. Ina zaune gindin darbejiyar makarantar da nake koyarwa a Gezawa, sai ga hotonsa a guruf ɗin manoma: na hannu ne, ja, irin wanda ake bi a baya ana riƙe da shi. Mai shi wani Alhaji ne a Dawakin Tofa. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi na tura kuɗi.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ina, bakina bai bar ni ba. Bayan la'asar na yi ta nuna hoton a ƙofar masallaci, har na ce zamanin bin wutsiyar shanu ya wuce. Ashe Baba mai shanu yana bayana yana laluben takalminsa. Shi yake yi mana huɗa tun mahaifina yana da rai, kuma duk damina gonarmu ce ta uku a layinsa. Ya yi mini Allah ya sanya alheri, ya wuce.

Matata ce ta tambaye ni ta ina injin zai shiga gonar. Na ce ta ji da tukunyarta. Amma da safe na saci jiki na tafi da igiya na auna. Gonata a tsakiyar gonakin mutane take, hanyarta 'yar siririya ce tsakanin wata kuka da shingen lallen wata Hajiya. Shanu ɗai-ɗai suke wucewa, garma a kafaɗa. Injin ya fi hanyar faɗi da kamu biyu. Hajiyar nan kuwa ko ganye ka tsinka sai unguwa ta ji.

Alhajin mutumin kirki ne, kullum sai ya kira in zo in ɗauki kayana. Ana ta cewa masu sayarwa a waya ke ɓacewa, ni ga shi mai saye ke ɓuya. Yau in ce jarrabawa, gobe in ce mura. Har hoto ya turo mini, kaza tana kwanci a ƙarƙashin injin.

Ruwa ya zauna, aka yi wa kowa huɗa, tawa sai ciyawa. Tsoro ya kama ni sosai, don abincin gidana na shekara a gonar nan yake, amma na kasa ɗaga ƙafa zuwa ƙofar Baba. Haka na yi kwana tara.

A na goma na saɓa fartanya, in yi abin da zan iya. Ina isa na tarar an huɗe fiye da rabi, Baba yana bayan shanunsa. Na tsuguna na fara kame-kame.

Bai ko tsaya ba ya ce, “Na gan ka ranar da kake awo da igiya. Mahaifinka ma ya taɓa aunawa, lokacin da ya so sayen amalanke. Kwana taran nan kuwa na wutsiyar shanun da ka raina ne. Tashi ka riƙe mini ita.”

Na tashi na bi bayansu har muka kai ƙarshen gona. Injin yana can Dawakin Tofa har yau.