Dutsen da Soazig Ta Ɓoye wa Kowa

Shekara talatin da ɗaya Soazig Kervella ta yi tana dafa wa 'yan makarantar ƙauyensu abincin rana, can ƙarshen Bretagne inda ƙasa ke ƙarewa teku ta karɓa. Amma in aka ambaci sunanta, ba tukunya ake tunawa ba, sai kifin bar, mai jiki kamar azurfa, wanda ke farauta cikin kumfa a gindin duwatsu. Maza masu sandunan fatsa na gani na faɗa sukan yi mako ba su ga ko ƙayarsa ba. Ita kuwa sai ta fita da sassafe da tsohuwar sandarta da kifin roba biyu a aljihu, kafin hantsi ta dawo jela na leƙowa daga kwando.

Masu fatsar bar ba sa faɗin inda suke kamu. Ko ɗan'uwanka ne ya tambaye ka, ƙarya za ka shirga masa, shi ma ya san ƙarya ce, ya yi godiya. Soazig ta fi kowa iya wannan. Takan ajiye motarta a bakin coci, ta ratsa gonar wani, ta ɓace cikin ƙayoyi. Mutane sun ɗauka rowa ce, alhali rabin kifin a tukwanen maƙwabta yake ƙarewa. Abin da ba ta taɓa faɗa wa ko kanta ba shi ne, duk duniya falalen dutsen da take kamu a kansa ne kaɗai inda ba a taɓa kiran sunanta don neman wani abu ba. Yara ɗari da ashirin kullum suna miƙo faranti, ga marigayi mijinta da ko safarsa sai ta nemo masa. A kan dutsen, teku ce kawai mai baki.

Tana da shekara sittin da takwas gansakuka ta kwashe ta a kan dutsen, gwiwa ta goce. Awa biyu ta yi tana jan jiki kafin ta kai sama. 'Yarta Rozenn, ma'aikaciyar jinya a Brest, ba ta yi faɗa ba. Ta dai kulle sandar a bayan motarta, ta ce ba za ta dawo da ita ba sai Mama ta yarda ta riƙa sauka da wani. Ga watan Satumba ya kama, lokacin da manyan bar ke matsowa gaɓa. Ko dai ta buɗe wa wani dutsenta, ko ta zauna a taga tana kallon teku kamar baƙuwa.

Kwana tara ta yi tana cika tana batsewa, sannan ta zaɓi Goulven Riou, tsohon mai raba wasiƙu, wanda surutunsa ya sa mutane kan ɓuya in sun hango shi. Shekara ashirin yana yaɗa cewa a kasuwa take sayen kifinta. Ta gaya wa Rozenn don ƙafafunsa da ƙwari ne. Gaskiya kuwa, so take mai bakin nan ya gani da idonsa.

Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: daga bakin coci har su dawo, ba zai ce uffan ba.

"Haba tsohuwa, ni da ko a jana'izar uwata sai da limamin coci ya harare ni?"

"To zauna a gida, ka yi wa kyanwarka surutun."

Ya zo. Ya riƙe mata hannu a gangaren, ya ɗauki kwando, bakinsa gum. Da suka sauka kan falalen ya ga yadda ruwa ke shiga wani tsagi yana tafasa fari fat, sai ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Wannan ya yi mata daɗi fiye da yadda ta zata.

Teku ta fara cikowa. Ta yi jifa, zare ya tafi yana shewa, kafaɗarta ta tuna aikinta. Goulven ma ya jefa nasa, can tsakiyar ruwa mai zurfi inda ko a mafarki bar ba ya tsayawa. Ta kau da kai. Ya jawo da sauri kamar ana korarsa, ya fito da tulin ciyawar teku, ya cire, ya sake jefawa wuri ɗaya. Rabin awa yana wannan ɓarnar, bai ko yi tsaki ba. Shirun da ta yi shekaru tana gadi ga shi nan cif, ba abin da ya taɓa shi, amma yau sai ya zama kamar tsakuwa a takalmi.

"Ba can ba," ta ce. "Gefen kumfar, inda fari ya haɗu da kore. Kuma ka ja a hankali, ba keken wasiƙu ba ne."

Daga nan bakinta ya ɓalle. Ta gaya masa wane dutse ne ruwa ke rufewa da farko, wanda in ya nutse saura minti ashirin a tattara. Ta nuna masa zanen da ta yi a sandarta, santimita arba'in da biyu, duk kifin da bai kai ba a mayar da shi ya girma. Ta ba shi labarin kifin da ya tsinke mata zare a shekarar da aka haifi Rozenn, da ranar da aka binne mijinta ta zo nan daga maƙabarta da baƙaƙen kaya ta kama uku, ta ji kunyar daɗin da ta ji. Ba ta taɓa sanin tana ajiye da magana mai yawa haka ba.

Tana cikin haka sandar Goulven ta lanƙwashe. Ya zaro ido ya dube ta, har yanzu bai ce komai ba. Ta yi ta ba shi umarni, saki, ja, ɗaga sama, har igiyar ruwa ta ɗauko kifin ta shimfiɗa shi a gabansu yana walƙiya. Ya wuce zanen da faɗin tafin hannu. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna ta dafe gwiwar.

Goulven ya rungume kifin a rigarsa, ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta.

"Malama, an ba ni izini?"

"Ba a ba ka ba. Ban gama ba." Ta zuba masa kofi a murfin filas, ta gutsuro masa burodi da man shanu. "Gobe ruwa zai makara da kusan awa guda. Ka zo ƙarfe bakwai, akwai wani tsagin a bayan wancan dutsen."