Ranar da Yaya Ta Karanta Wasanmu

Wata ranar Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare. Na dawo daga Kasuwar Singa da ƙullin sukari da gwangwanin madara, ƙafafuna duk taɓo, na yi sallama na ɗaga labulen ɗakinmu, sai idona ya sauka a kan littafina mai shuɗin bango. Yana kan keken ɗinki, a buɗe, an danne shi da almakashi don kada iska ta juya shafin. Mahaifiyata tana zaune tana taka keken, tana haɗa hannun wata riga, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tun daga bakin ƙofa na gane shafin, domin jan biron malamarmu ya cika gefensa. Shafin da na zayyana muguwar uwa ne, kuma duk wanda ya san gidanmu, layi biyu zai karanta ya gane wa nake nufi.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma danginmu ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta zo ta ɗauke ni a jirgin ƙasa zuwa garinmu. Can na yi wayo, can na yi 'yar carafke da gala-gala, sai da ta rasu ina shekara tara aka dawo da ni gidan hayarmu na Fagge. Na tarar da ƙannena biyu suna kiran mahaifiyarmu Umma, ni kuwa Yaya na iya ce mata, yadda na ji ƙannen Baba suna faɗa. Daga asuba zuwa magariba sunan Nura da Maryam ba ya barin bakinta. Ni sunana Sa'adatu, amma a wajenta ni ce "Ke". Ke, jawo ruwa a rijiya. Ke, kwashe shanya, hadari ya taso. In baƙuwa ta tambaye ta ina nake, sai ta ce waccan tana makaranta. Na saba, ko kuma dai na ɗauka na saba.

A zangon nan ne Malama Rabi, mai koya mana Turanci, wadda kuma take kula da ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, ta raba mu bibbiyu ta ce mu tsara wasan talabijin mai dogon zango, irin wanda ake nunawa kashi-kashi duk mako. Ba ɗaukar wasan za mu yi ba, tsari kawai: a ina zai gudana, su wa ke ciki, su wa za su kalla kuma da ƙarfe nawa, me zai faru a kashi uku na farko, me zai sa mai kallo ya ƙagu mako ya zagayo. Sharaɗinta ɗaya ne, kullum sai ta maimaita shi tana buga tebur: "Ban yarda da mutumin da kuka ƙago daga kanku ba. Ku fita ku tambayi mutane, ku kawo mini muryarsu." Aka haɗa ni da Ngozi, 'yar Sabon Gari, wadda Hausa ta fi gudu a bakinta fiye da a nawa. Babanta yana da shagon rediyo a kasuwa, shi ya ara mana ƙaramar rikoda, ya ce in ta faɗi ƙasa kada mu dawo masa da wani labari.

Mako biyu muka yi muna yawo bayan an tashi daga makaranta, rikoda a cikin jakata, naɗe da ɗankwali saboda ruwa. Mun tambayi masu kayan miya, mun tambayi mai shayin bakin tashar jirgin ƙasa, mun tsaya gaban shagunan atamfa ana ture mu ana cewa mu matsa mun tare ciniki. Wasu suka kore mu, wasu kuma da suka ga abin ɗaukar magana sai suka gyara murya kamar gidan rediyo ne ya zo. Mun gano mata sun fi kallo bayan sallar isha'i, in an kawo wuta, kuma kusan kowa abu ɗaya yake so. Wata tsohuwa mai sayar da zare a Kasuwar Sabon Gari ta faɗa mana shi ƙarara: "Ku sa mana wadda za mu tsine wa. Wa zai bar barcinsa don ya kalli mutanen kirki?" Muka shirya wasanmu a gidan haya mai ɗaki goma da rijiya ɗaya, irin namu sak. Mun samu mai gida, mun samu amarya da ango, mun samu mai gulma. Muguwa ce kawai ba mu samu ba.

Rannan Ngozi ta biyo ni gida muka ci dambu, da na rako ta bakin titi sai ta ce, "Wai ni kam, mamanki ce ta haife ki? Tun da na shiga ban ji ta kira sunanki ba." Na yi dariya na ce al'ada ce, ke ba za ki gane ba. Amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Washegari da aka fita tara ban fita ba, na zauna a aji na rubuta Hajiya Tabawa. Tela ce, tef ɗin awo rataye a wuyanta, tana gyaran murya kafin ta yi magana, ta bayar da 'yarta tun tana goye ko leƙowa ba ta yi ba, yarinyar ta dawo tana kiranta "Ke". Da haushi ya ɗebe ni har ƙarya na ƙara, na ce tana ɓoye nama ta ba ƙanana. Ngozi ta karanta tana tafi. Malama Rabi kuwa ta cika gefen shafin da jan biro: muguwar ta yi armashi, amma wa kuka tambaya, me ya mayar da ita haka, ku nemo uwa ku ji ta bakinta kafin Alhamis. Na kawo littafin gida na cusa shi a ƙasan kwandon ƙyallaye. Kai, wauta ma iri-iri ce. 'Yar tela guda, ta rasa inda za ta ɓoye sirri sai inda uwarta ke sa hannu sau goma a rana.

To, a ranar Asabar ɗin nan ina tsaye da madara a hannu, abin da kawai ta ce shi ne in ajiye ta a inuwa. Ba ta yi faɗa ba. Ba ta gaya wa Baba ba. Da ma dukana ta yi, da na samu sauƙi. Littafin ya kwana a kan keken, ya wuni, ya sake kwana, ni kuwa ko kusa da shi na kasa zuwa. Ranar Lahadi abin da na fi tsoro ya faru: "Ke" ɗin ma ta ɗauke. Ina zaune a gabanta ina tsince shinkafa, sai ta ce da Maryam, "Gaya wa yayarki ta rage wuta." Kalmar da na tsana shekara bakwai, ga ni ina kasa kunne ina roƙon Allah ta dawo. Na share tsakar gida sau biyu, na wanke tukwanen da ba nawa ba ne ranar, na cika randa har tana zuba, duk ko a jikinta. Litinin a makaranta Ngozi ta dame ni da ina littafi, ina littafi, na ce na manta shi a gida. Abinci ya daina mini daɗi. Na tabbata na yanke ɗan zaren da ya rage tsakanina da matar da ta haife ni, da hannuna, saboda makin makaranta.

Talata bayan la'asar ana yayyafi, Baba bai dawo ba, yara suna Islamiyya. Ina bakin ƙofa ina goge takalmin makaranta, sai na ji keken ya tsaya. Ta yi gyaran murya, irin wanda na rubuta.

"Ke. Ɗauko akwatin maganar nan. Malamarku ta ce a nemo uwa. To ga uwa."

Na ɗauko rikodar na danna jan maɓallin. Ta jawo littafin tana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa. Ta ce maganar nama ƙarya na yi mata, Allah ya sani, ni ma na sani. Na ce haka ne. Sannan ta tsaya a wani layi ta daɗe. "Nan da kika ce ban leƙo ba, gaskiya ne. Gida cike da dangin miji, in leƙo in ce me?" Daga nan ta ci gaba, idonta a kan allurar keken, muryarta kamar tana ba da labarin wata. Ta ce ranar da su kakata suka fita da ni ta bari sun yi nisa, ta yafa mayafi ta ce zare ya ƙare mata. Da ƙafa ta tafi tashar jirgin ƙasa, ta laɓe bayan masu lemo. Ba ta ga fuskata ba, bayan kakata kawai ta hango, da ƙafata ɗaya tana lilo daga goyo, takalmin ya kusa faɗuwa, ba kuma halin ta je ta gyara. Jirgi ya yi kuka ya tafi. Ta zagaya Sabon Gari ta sayi zaren da ba ta bukata don ta samu abin nunawa, ta dawo ta ɗora tuwo. Rigunan Sallah kuma da ake kawo mini garinmu ana cewa Baba ne ya aiko, ita take ɗinka su. Ba ta san tsawona ba, ba ta kuma isa ta tambaya ba, sai ta riƙa kiran 'yar maƙwabta da aka haife mu mako ɗaya ta auna ta, ta ƙara yatsa biyu, tunda danginmu dogaye ne. Nan take na tuna yadda rigunan nan kullum suke ja mini ƙasa, ina gunaguni ina cewa telan Kano bai iya aiki ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa da bakin tsiyata, hawaye na zuba amma zuciya ba ta sauka ba, na ce, "To Yaya, ki faɗi sunan yarinyar, saboda kaset."

Kaset yana juyawa, ruwa yana ɗiga a bokitin da muke tarawa a bakin ƙofa. Na san na wuce gona da iri, na kuma san ba zan janye ba. Ta miƙo hannu ta kashe rikodar da kanta.

"Sunan da ni na zaɓa?" in ji ta. "Ta bakin gwaggonki na aika wa babanki, na ce kada ta ce ni ce. Sau biyar a rana nake faɗarsa, goshina a ƙasa. Ba ke nake gaya wa ba, shi ya sa ba kya ji." Ta turo mini littafin. "Muryata kuma ba za ta je makaranta ba. Ke, tashi ki hura wuta."

Ban taɓa hura wuta da farin ciki irin na ranar ba, ina kuka ina cewa hayaƙi ne. Ranar Alhamis na tsaya gaban aji da littafin da na yage wa shafi biyu, kaset ɗin kuma yana gida a ƙasan akwatina. Binciken da ya fi kowanne a ajin nan ni na yi shi, kuma ban isa in nuna ba. Muka karanto wasan da ba muguwa a ciki. Malama Rabi ta cire tabarau ta ce, "Ina Hajiya Tabawa? Wa zai kalli wannan?" Na ce mun cire ta, Malama. Ta ba mu makin da ko a gida ban faɗa ba. Ngozi ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba, tana da gaskiya kuwa, domin sai bayan mun yi aure na gaya mata dalili.

Yanzu ɗalibai in an ba su irin wannan aikin, a waya suke gama bincikensu, ba wanda zai taka taɓon Singa da rikoda a ɗankwali. Ni ma na zama 'yar zamani, ɗana na fari sunansa ba ya barin bakina, in Yaya ta ji sai ta yi tsaki ta ce kunya ta ƙare a duniya. Idonta ya daina ganin kafar allura, an lulluɓe keken da tsohon zane. In na buga mata waya har yau "Ke ce?" take cewa. Kaset ɗin yana nan, na rasa abin da zan sa shi a ciki, ban kuma damu ba, tunda abin da nake so ba ya ciki. In na je Fagge na ga ta daɗe a sujada, nakan rage sautin talabijin in yi shiru. Na san ana kirana.