Malam Ja'afaru da Rumbun Gidan Mati

Malam Ja'afaru malamin Turanci ne a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, can gefen Kunci. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a ajin da ke jikin nasa. Ɗan manomi ne, har yau idan damina ta faɗi da taɓon gona a ƙafa yake shigowa aji. Ga taurin kai, wallahi. Ka ce masa hanya ba ta ɓullewa, sai ya ce bari ya je ya gani.

Abin da ya hana shi sakat shi ne yaranmu ba sa rubutu, hadda suke yi. A ba su insha'i kan gidansu, duk aji ya kawo abu ɗaya, gida mai bene da mota a ƙofa, alhali ko jaki wasu ba su da shi. Burinsa kawai yaro ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Da ya dawo daga wata bita a Kano sai ya buɗe wa ajinsa bulog, wato shafi a intanet inda ake ɗora rubutu kowa ya karanta. Na yi masa dariya, na ce mu da ba mu da alli? Bai kula ni ba. Yara su rubuta a takarda, ya gyara tare da su, ya buga a wayarsa, sannan ya hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis ya tura. Abin haushi, sai ga shi abin ya yi aiki. Yaro ya ga sunansa a waya, gobe ya zo da labarin yadda ake ɗaurin gero ko kai taki gona.

Wadda ta fi kowa ita ce Khaulat, 'yar Malam Mati. Ta rubuta yadda rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka, yadda innarta ke ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi. Malam Ja'afaru ya karanta mini. Ya ɗora rubutun a shafin da sunanta da na ubanta, kamar yadda yake yi wa kowa, don a ganinsa yabo ne. Ai Turanci ne, wa zai karanta a ƙauye?

Ashe Fatihu, ɗan yayan Malam Mati da ke karatu a Ungogo, ya gani. Bai yi da mugunta ba. Ya fassara wa ubansa, uban ya auno buhun masara ya ɗora a Adaidaita, aka sauke a ƙofar gidan Mati da rana tsaka, ranar da ake suna a maƙwabta. Direban kuwa, baki ba linzami, ya faɗi dalili.

Malam Mati ya zo makaranta washegari. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Malam, shekaru nake rufin asirina a garin nan. Na ba ka 'yata ka koya mata karatu, ka buɗe mini rumbu duniya ta leƙa."

Iyaye suka taru a wurin mai unguwa, kowa na tsoron abin da ɗansa zai faɗa. Malam Ja'afaru ya roƙa a bar shafin, ya ce zai cire sunaye. Suka ƙi. A kan tudun nan ya goge shi gaba ɗaya, dattawa biyu na tsaye a kansa. Ni na rasa wanda zan ji haushi, don Mati yana da gaskiya, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Yana nan yana koyarwa, amma ya daina hawa tudu. A jarabawar ƙarshen zango ya sake ba su insha'i kan gidansu. Ina zaune kusa da shi ya ɗauko takardar Khaulat. Turanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ta ce gidansu bene ne, kullum shinkafa da kaza suke ci.

Ya karanta har ƙarshe, sannan ya ɗauki jan biro ya ba ta cikakken maki.